Wilin Abdulsamad

Dabo ya ɗaga wilin ya kai shi bakin sabon birkin, ya tura, ya ƙi shiga. Ya juya shi ya sake turawa, ƙarfe ya gogi ƙarfe. Sai ya ajiye shi a ƙasa, ya goge hannu a jikin wandonsa.

"Malam Ishiyaku, akwai magana."

Ishiyaku na zaune a kan benci a garejin da ke bayan tashar Birnin Kudu. Shekara ashirin da biyu ke nan yana jigilar fasinja tsakanin nan da Gwaram, bai taɓa buge ko akuya ba. Amma ranar Talatar da ta wuce, kusa da Gwaram, motar cike da mutane da buhunan riɗi, wata mata ta tsallako titi da goyo a bayanta. Ya taka birki har ƙasa, motar ta ci gaba da tafiya. Lokacin da ta tsaya, matar ta riga ta dafa ƙeyar jaririn tana salati. Tun daga ranar bai ƙara ɗaukar fasinja ba. Ya kawo motar wurin Dabo, tsohon makanikinsa, ya ce a sa masa birki mai ƙarfi.

"Faifan birkin da na sa ya fi tsohon faɗi," in ji Dabo. "Ƙarfen da ke damƙe shi ma ya fi girma. Wilinka inci sha huɗu ne, sai mai sha biyar."

"Ba za a ɗan goge ƙarfen ba?"

"Ba na goge birki, Malam. Ko dai in mayar da tsohon, ko a sauya wilin."

Ishiyaku ya dubi wilin guda huɗu da ke jingine da bango, farare masu ƙyalli. Ɗansa Abdulsamad ne ya sayo su a Kano da albashinsa na farko na koyarwa, ya ɗaura su da hannunsa yana dariya, yana cewa motar Baba ta zama amarya. Bayan wata bakwai zazzaɓi ya ɗauke shi. Dabo ya san da wannan, domin a garejinsa aka ɗaura su.

Ishiyaku ya koma gindin darbejiya ya kira matarsa Kaltume a waya, ya faɗa mata yadda ake ciki.

"Malam, waɗanda kake ɗauka su ma 'ya'yan wasu ne," ta ce. "Amma kada ka sayar. Ka kawo mini su gida."

Dabo ya fito da baƙaƙen wili na ƙarfe masu inci sha biyar, tsofaffi, fentinsu ya koɗe. Ya ƙirga ramukan noti, ya gwada tazararsu, ya ɗaura ɗaya ya juya shi da hannu yana saurare. Babu gugar komai. Da aka gama, suka hau titin Gwaram su biyu. Ishiyaku ya ƙara gudu, sannan ya taka. Motar ta tsaya cak, har hular Dabo ta faɗo kan cinyarsa.

A tasha direbobi suka yi ta ɗaga masa hannu, wani ya ce layinsa ya zo. Ya ce musu sai gobe.

Kaltume ta riga ta share lungun ɗakinta ta shimfiɗa buhu. Ishiyaku ya shigo da fararen wilin ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana goge su da tsumma kafin ta jera. Da ta zo kan na ƙarshe ta tsaya.

"Birkin yana ci?"

"Yana ci."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da gogewa.