Babin da Yaya Ta Karanta

Yaya ta kai cokalin gefen bakin da bai kumbura ba, ta zuba ruwan shayin a hankali. Rabi ya shiga, rabi ya gangaro kan haɓa. Ta goge da bakin tawul.

"Ƙara ɗaya, Auta."

"Ya isa. Miƙo min littafina, yana cikin jaka."

Kwana biyu ke nan Auta tana gado na tara a ɗakin mata. Haƙarƙari uku a karye, ido ɗaya a rufe ruf, ɗayan ba ya gani sai dishi-dishi, cikinta na wata huɗu kuwa tun a motar da ta kawo ta ya zube. Mijinta ya gaya wa ma'aikatan asibiti cewa santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Likita ya dubi shatin yatsu a wuyanta, ya kira 'yan sanda. Yanzu mijin yana hannunsu. 'Yar sandan da ta zo jiya ta tarar Auta ba ta iya magana, ta ce za ta dawo yau ƙarfe huɗu. Ba ta ɓoye wa Yaya komai ba: in mai jikin ta ce santsi ne, to santsi ne, kafin rana ta faɗi mutumin yana gida.

Yaya ta zaro littafin. Jan bango ne da shi, kusurwoyinsa sun naɗe don yawan buɗewa. Ta san shi sarai. Bara, bayan mijin ya goce mata kafaɗa, Auta ta yi wata bakwai a ɗakin Yaya, har ta fara ƙiba, har ta fara dariya da ƙarfi. Sai ƙungiyar matan coci ta zaɓi wannan littafi, kowace Laraba babi biyu. Labarin wata mata ce da ɗanta ya mutu a motar da mijinta yake tuƙawa a buge. Mijin ya ɗora mata laifi, ya lakaɗa mata duka, ya ɓace. Bayan shekaru wani ya riƙa bin ta a baya, yana tura mata wasiƙu ta ƙarƙashin ƙofa ba suna. A ƙarshe ashe mijin ne, ya tuba, ya shiga wuta ya ceto ta, suka durƙusa tare a kabarin ɗan. Larabar da aka kai ƙarshe, Auta ta dawo da jajayen idanu, ta ninke kayanta, ta koma gidan mijin.

Yaya ma ta karanta shi, cikin Asabar ɗaya. Shekara ashirin da shida tana koyarwa a firamare, ta san rubutu mai riƙe mutum in ta gan shi, kuma wannan yana riƙewa. Abin da ya dame ta shi ne, a littafin an doki matar a shafi na arba'in, a shafi na arba'in da biyu tana tsaye tana shanya.

Nas ta zo duba ƙarin ruwa, idonta ya faɗa kan bangon.

"Kai, littafin nan! A bas na gama shi, Malama, na wuce inda zan sauka ina ta kuka, har kwandasta ya tambaye ni wa ya rasu. Wurin nan da ya fasa taga ya shiga wutar..."

"Sista, shekararki nawa a asibitin nan?"

"Goma sha ɗaya."

"Maza nawa kika ga an kawo da ƙunar ceton matansu?"

Nas ta ɗan yi dariya, ta murɗa abin da ke daidaita ɗigon ruwan. "Ai littafi ne, Malama." Ta rubuta wani abu a katin gado, ta wuce ba ta dubi wuyan Auta ba.

Tsohuwar gado na takwas, wadda ƙugunta ya karye, kowa a ɗakin yana ce mata Kaka, ta ɗago kai daga matashi. "Ni dai ban yi boko ba. In za a karanta, a ɗaga murya. Ƙuguna ne ya karye, kunnena lafiyarsa lau."

Wajen sha ɗaya Mama ta iso, matar fasto, da kwandon lemo da fulas. Ta yi addu'a tana riƙe da hannun Auta, doguwa, mai taushi, har Kaka ta ce amin. Sannan ta zauna bakin gadon.

"Daga wurin mijinki nake, 'yata. Ko ruwa ya ƙi sha. Kuka yake kamar yaro, yana cewa Shaiɗan ne. Ban taɓa ganin namiji ya karye haka ba." Ta ga littafin a kan bargo, fuskarta ta saki. "Kin gani? Ko a nan yana tare da ke. Kin tuna abin da muka ce ranar Laraba? Ba a auna gafara da girman laifi."

"Mama," in ji Yaya, "wancan kukan ma kin gani, na bara. Ke kika ce ba ki taɓa ganin namiji ya karye haka ba."

"Malama, ba faɗa na zo yi ba."

"Ni ma ba faɗa nake ba, tuni nake. Sana'ata ce."

Mama ta juyo gaba ɗaya. Ba muguwar mace ba ce, abin da ya fi wuya ke nan. "Kin san na binne ɗana. Wata takwas ban yi barcin kirki ba, ina kwance kusa da fasto ina jin haushin Allah, ba mai jin bakina. Littafin nan da kike rainawa, shi ya fara buɗe min baki na yi addu'a. Ke kin karanta da jan biro a hannu kina neman kuskure. Mu da ciwo muka karanta."



Mama ta gyara wa Auta bargo. "Ba wanda ya ce ki yi ƙarya, 'yata. Amma akwai maganar da ta fi kyau a gaban dattawan coci, ba a gaban hukuma ba. In aka ɗaure shi, wa ya ci riba? Zan dawo da yamma tare da mahaifiyarsa, tana ta son ganinki."

 Hannun Auta yana kan jan bangon.

Da rana zafi ya cika ɗakin. Fanka ɗaya ce ke aiki, can ƙarshe, tana ƙara kamar za ta faɗo. Yaya ta wanke kwanon fitsari, ta sauya zanen gado da ya ɓaci, ta jiƙa wa Auta leɓe. Sau biyu ta buɗe baki za ta yi maganar ƙarfe huɗu, sau biyu ta fasa. Duk abin da za ta faɗa ta faɗe shi bara, tana tsaye a bakin ƙofa, Auta tana ɗaure jaka.

Ƙarfe uku da kwata Auta ta ce, "Karanta min babin ƙarshe. Idona ba ya kama layi."

"Auta..."

"Don Allah, Yaya."

Yaya ta sa tabarau, ta buɗe. Ta karanta da muryar aji, wadda yaran bencin baya ke ji ba tare da ta yi ihu ba. Matar ta fito daga asibiti bayan gobarar. Mijin yana tsaye bakin ƙofarta, hannuwansa naɗe da bandeji. Ya durƙusa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta matsa gefe ta ba shi hanya.

"Allah sarki," in ji Kaka.

Yaya ta juya shafi. Abin da ke rubuce shi ne sun tafi kabarin ɗansu da furanni. Idonta ya ga layin. Bakinta ya ce, "Sati uku bai ɗaga mata murya ba."

Ba ta shirya ba. Ta dai saba, in shafi ya yage a littafin aji, ta cike wa yara gurbin ba tare da ta ɗaga kai ba. Ta ci gaba, tana bin layin da yatsa kamar da gaske.

"Yana raka ta coci, yana riƙe mata jaka, mata suna nuna su da baki. A sati na huɗu ya tambaye ta wa ya kira ta a waya. Ta ce 'yar'uwa ce. Ya ce ta ba shi. Da ta tsaya neman wayar a jaka, sai ya tashi ya murza makulli, ya zare shi ya sa a aljihu. Maƙwabta suka ƙara ƙarar rediyo."

Nas, da ta zo wucewa da tire, ta tsaya cak. Ta dubi littafin, ta dubi Yaya. Ba ta tafi ba.

"Da safe ya yi kuka. Aka kira dattawa, aka yi addu'a, ta yafe, don ta riga ta yafe babba, ƙarami ba zai gagare ta ba. Na biyu ma ta yafe. A na uku ba a samu wanda za a roƙa ba. Ranar jana'iza coci ya cika. Mijin yana benci na gaba, maza biyu suna riƙe da shi kada ya faɗi. Mai wa'azi ya ce mace ce mai haƙuri, ya ce 'yan mata su yi koyi. Mata suka dafa abinci mai yawa, har ya yi saura."

"La'ananne!" in ji Kaka, tana dukan ƙarfen gado. "Wannan ne littafin da kuke ta kuka a bas? To ai gara da ban yi bokon ba."

Yaya ta ci gaba. "Yayarta ce ta yi mata wanka. Ta juya ta, ta ga bayanta, ta ƙirga..."

"Yaya."

Auta ce. Yaya ta tsaya.

"Ba ta da yaya a littafin."

Duka, makulli, jana'iza, duk Auta ta bari sun wuce. Nan kaɗai ta tsayar da ita. Yaya ta cire tabarau, ta rufe littafin a kan yatsarta.

"Na sani."

"Ba ta da kowa. Shi ya sa ta buɗe ƙofar." Auta ta ja numfashi, ta dafe gefen ƙirji har zafin ya lafa. "Sau huɗu na karanta shi. Ban taɓa lura ba."

Nas ta ɗauki tirenta ta wuce.

Huɗu saura biyar 'yar sandan ta shigo, gajeriya, takalmanta duk ƙura, da littafin rubutu a hammata. Ta gaishe su, ta ja labule ya kewaye gadon, ta jawo kujera.

"Yaya jiki? An rubuta min nan cewa santsi ne a banɗaki. Ina so in ji daga bakinki."

Auta ta juya idon da ke buɗe. "Yaya, ki ɗan ba mu wuri."

"In tsaya dai, ko ruwa..."

"Ki fita."

Yaya ta fita baranda, ta zauna kan benci kusa da wani mutum da ke barci da takardar magani a hannu. Santsi kalma ɗaya ce. A rubuta ta, a sa kwanan wata, a sa hannu, minti biyar ya yi yawa. Ta kalli agogon bango. Minti biyar ya wuce. Ta ce ko gaisuwa suke. Goma. Aka turo wata mata a keken marasa lafiya, aka wuce da ita. Mai shara ya zo ya ce ta ɗaga ƙafa. Ashirin da biyar.

Ƙofa ta buɗe, 'yar sandan ta leƙo tana karkaɗa biro.

"Malama, birona ya ƙare a tsakiyar shafi. Kina da wani?"

Yaya ta zazzage jakarta a kan benci: makullai, alli, guntun takardun jarrabawa. "Ja ne kawai."

"Kawo haka. Da saura."

Ta karɓa ta koma ciki. Yaya tana mayar da kaya a jaka ta hango su daga can ƙarshen baranda, Mama a gaba, bayanta wata tsohuwa tana dogara sanda, ta ɗauko kwano a ɗaure cikin ƙyalle. Suna tafe a hankali saboda ƙafar tsohuwar.

Yaya ta tashi, ta ja ƙofar ɗakin ta rufe, ta tsaya a gabanta.