Wanda Ya San Kabarin Asama'u

Ishawu ne ya binne matata. Ina Kano ina jiran biza lokacin da ciwo ya kayar da Asama'u a Bur Dubai, a 2010. Shi ya yi zirga-zirgar takardu, shi ya ɗauki gaban makara, kamar yadda yake yi wa duk Bahaushen da ya rasu a nan ba dangi.

Ɗan Zongon Kumasi ne. Shekara bakwai ya yi a Amurka yana irin ƙwallonsu da ake sa hular kwano. Aikinsa ya tsaya a sahun gaba, ya tare ƙarti da kai da ƙirji, don wani siriri a bayansa ya jefa ƙwallo a tafa masa. Na karanta tarihin sarauta da yawa, tsarin bai ba ni mamaki ba. Da gwiwa ta gaza, ya zo unguwar Al Sabkha a nan Dubai yana haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena.

Kaburburan wurin ba suna, sai lamba. Takardar lambar kuwa ya yar da ita.

"Malam Dikko, dabarun wasa ɗari uku na haddace," in ji shi. "Kabari ɗaya ne zai gagare ni?"

Sau biyu ya kai ni, yana ƙirga taku daga ƙofa. Ban rubuta komai ba. Haushi nake ji a ce wani ne zai nuna mini matata.

Bayan shekara huɗu matarsa Hamidatu ta kira ni.

"Baba, jiya ya tsaya a mashigar jirgin ruwa, bai san ya haye ne ko zai haye ba. Likita ya ce dukan da ya sha a ka wajen ƙwallo ne. Asabar zan mai da shi gida. In kana da tambaya, yalla, yi sauri."

Na fara zuwa ofishin maƙabarta. Suka ce in kawo takarda.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka je da shi. An ƙara layuka da yawa. Mutane ba su fasa mutuwa don ni ba. Ya ƙirga taku ashirin da bakwai, ya tsaya. Ya koma ƙofa ya sake.

"Hagu ko dama?" na tambaya.

"Wa muka zo gani?"

"Asama'u."

"Allah sarki. Ba ta da lafiya ne?"

Ya dubi fuskata, sai ya tuna. Ƙato kamar ƙofar gari, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗingisa cikin wani layi, ya nuna wani tudu da hannu.

"Nan ne, Malam. Wallahi nan ne. Ko?"

"Nan ne," na ce. "Na gane shi."

Ya ɗaga hannu, ya yi doguwar addu'a da sunanta, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ina cewa amin, idona yana kan layin da ke bayanmu.