Spana Mai Awo

Injiniya ya zare makullin babbar bas ɗin, ya jefa a aljihu, ya sauko. Fasinjoji sun riga sun zauna, an ɗaure kaya a sama, direba yana wanke fuska a bakin famfo.

"Motar nan ba za ta fita ba," in ji Injiniya.

Direban ya ɗago. "Kamar yaya? Inji lafiya, birki lafiya."

"Tayar baya. Ƙusa biyu cikin masu riƙe ta sun karye. Sauran ma ban yarda da su ba."

Kafin direba ya sami abin cewa, tagar ofis ta buɗe a saman bene. Kawu ya leƙo, gilashinsa a kan hanci.

"Injiniya! Hawo nan."

Tun da mai kamfanin ya rasu, mutum uku ke yanke magana a garejin. Hajiya, matar marigayi, ita ce mai magana ta ƙarshe. Ƙaninta, wanda kowa ke kira Kawu, shi ke riƙe da kuɗi. Sai Baba Guduma, tsohon bakanike, wanda ya fara aiki da marigayi tun suna da mota ɗaya. Ba shi da tebur a ofis, amma Hajiya ba ta cewa e ko a'a a kan ƙarfe sai ta dubi fuskarsa.

Injiniya ya daɗe yana roƙon abu ɗaya: spana mai awo, wadda ake saita ta, in noti ya kai iyakar ɗaurinsa ta yi ƙara ta tsaya. A garejin nan kuwa, al'adar ita ce a zura dogon bututun ƙarfe a spana, ƙato ya hau kai ya yi tsalle har noti ya yi kuka. Wani dillali ya bar masa spanar don gwaji, kuma yau bayan azahar zai zo ya ɗauki abarsa.

Injiniya ya tarar da su ukun a ofis. Hajiya a kujerar marigayi, hannuwanta a kan tebur. Baba Guduma a tsaye jikin bango, don bai taɓa zama a ɗakin nan ba.

"Ba ni makulli," in ji Kawu.

"A saurare ni tukuna."

"Mun saurare ka wancan watan. Mun saurare ka watan da ya gabace shi. Mutane suna zaune a mota rana na dukansu, kai kana nan kana tallar spana."

Injiniya ya juya ga Hajiya. Ya fara bayani. Ya faɗi ƙarfin da kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade wa kowane noti, ya faɗi yadda ƙarfe ke miƙewa in an wuce iyaka. Yana magana yana ganin idanunta suna barinsa suna komawa taga. Ta ji muryarsa, ba ta ji maganarsa ba.

Kawu ya yi dariya. "Yaya, kin gane? Ni dai ban gane ba. Wai ɗaure taya da kyau shi ne laifi. Gobe zai ce mai ya yi wa mota yawa."

"Baba, me ka ce?" in ji Hajiya.

Tsohon bai dubi kowa ba. "Tayar da aka ɗaure a garejin nan ba ta taɓa kwancewa a hanya ba."

"Gaskiya ne, Baba. Ba ta kwancewa. Karyewa take yi."

Injiniya ya san ya yi ɓaranɓarama tun kafin ya rufe baki. Fuskar Hajiya ta ɗaure. A gabanta ba a yi wa Baba Guduma gyara, ko da gyaran daidai ne.

"To ka ji," in ji Kawu a hankali. "Yaro ya zo koya wa kaza tono. Injiniya, magana ɗaya ce. Ko ka ajiye makullin nan a kan tebur mota ta tashi, ko ka ajiye shi tare da na ofishinka."

Makullin yana aljihun Injiniya, ya yi ɗumi. Ya tuna matarsa da safe, tana ɗaura wa ƙaramarsu takalmi, ta ce masa ba tare da ta ɗago ba: "Baban yara, wancan aikin ma bakinka ne ya raba ka da shi." Ya tuna kuma matar da ya gani a kujerar baya ta bas ɗin, daidai saman tayar, da jariri a cinya.

"Hajiya," ya ce, "ban iya magana ba. Ki yi haƙuri. Baba, ka yafe ni. Alfarma ɗaya nake nema: ki sauko ƙasa. Ba zan ƙara yin bayani ba. In kin gani kin ce mota ta tafi, ga makulli."

"Yaya ba ta shiga cikin baƙin mai," in ji Kawu.

Hajiya ta miƙe. "Marigayi ya shiga. Mu je."

Gareji ya tsaya cak da aka ga ta sauko. Daga cikin bas wani fasinja ya leƙo yana cewa in motar ta lalace ne a faɗa musu, ba su zo yawon buɗe ido ba. Injiniya bai kula shi ba. Ya sa aka ɗaga motar, aka cire tayar, aka fitar da ƙusa ɗaya daga cikin waɗanda ba su karye ba. Ya goge ta da tsumma. Ya ɗauko sabuwa daga kwali, da noti ɗaya, ya miƙa wa Hajiya.

"Ki murza notin a kan sabuwar. Da yatsu kawai."

Ta murza. Noti ya sauka sumul har ƙasa.

"Yanzu a kan wannan."

Ta murza. Ya tafi kaɗan, ya cije. Ta ƙara ƙarfi, ya ƙi. Ta ɗaga ƙusar sama ta duba, sannan ta bi ta da babban yatsa. A tsakiya ta rame, kamar wuyan kwalba.

"Me ya cinye ta?"

"Ja. An ja ta har ta miƙe. Saura kaɗan ta tsinke."

"Duka haka suke?"

"Na wannan tayar, duka."

Hajiya ta dubi bas ɗin, ta dubi tagar baya, inda matar nan ke yi wa jaririnta fifita da gefen mayafi.

Kawu ya gyara gilashi. "To, a sa sababbin ƙusoshi. Magana ta ƙare. Ina ruwan spana? Abin da za a saye ta da shi ya isa a yi wa mota fenti."

"Sababbin ma haka za su zama in aka hau su da bututu."

"Wato dai Baba ne ya ɓata su. Faɗi mana. Ga shi nan tsaye."

Tarko ne, kuma Injiniya ya gan shi. Ya san abin da Hajiya da Kawu ba su sani ba. Baba Guduma ya daina ɗaure taya tun da kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Yakan tsaya ne a kan ƙattin bakanikai yana ba da umarni, hannun a cikin aljihu, su kuwa suna tsalle a kan bututu don su burge shi. In Injiniya ya ce Baba ne, ya yi ƙarya, kuma ya rasa Hajiya. In ya ce ba Baba ba ne, ya tona cewa tsohon ba ya iya aikinsa.

Baba Guduma yana kallonsa.

Injiniya ya juya ga bakanikai. Ya sa aka jera sababbin ƙusoshi, aka mayar da taya, aka sauke mota. Ya buɗe dogon akwatin dillali, ya saita spanar, ya kama ta da hannu biyu ya miƙa wa tsohon.

"Baba, ni a takarda na san ta. Kai ka san ƙarfe. Gwada ta. In ka ce wasan yara ce, a mayar wa mai ita."

Tsohon ya ƙare mata kallo. Sannan ya fito da hannun dama daga aljihu. Ya auna nauyinta, ya ɗora ta a kan noti, ya gyara tsayuwa. Injiniya ya ga yadda ya cije leɓe yana jiran zafin kafaɗa. Ya danna a hankali. Doguwar spanar ta tafi da kanta.

Ƙas!

Baba ya tsaya. Zafin bai zo ba. Ya matsa ga noti na gaba, ba na kusa ba, na ɗaya ɓangaren, yadda masu sanin taya ke yi. Ƙas! Wani ƙaton bakanike ya matso da bututu don ya ƙarasa, kamar kullum.

"Kauce," in ji Baba. "Wa ya kira ka?"

Ya zagaye tayar shi kaɗai. Da ya gama, gumi na zuba a gemunsa, amma bai miƙa wa kowa spanar ba.

"Wannan ƙarar," in ji Hajiya, "kowane noti sai ya yi ta?"

"Kowanne, ranki ya daɗe," in ji Injiniya.

"Daga ofis zan iya jin ta?"

Injiniya bai taɓa tunanin haka ba. "In taga a buɗe take."

Ta juya. "Baba?"

Tsohon ya goge ƙarfen da hannun rigarsa. "Ba laifi," ya ce. "Ga wanda ya iya riƙe ta."

"A saya. A hannun Baba za ta zauna, kada wanda ya taɓa ta sai shi. Sauran tayoyin motar nan ma a duba su kafin ta tashi. Injiniya, ba direba makullinsa in an gama." Ta nufi bene, ta tsaya a mataki na farko. "Kuma gobe in kana da magana, ka kawo min abin in taɓa. Kada ka sake karanta min lissafi."

Da dillali ya iso bayan azahar, Kawu ne ya tare shi a ƙofa. Injiniya yana wanke hannu a famfo ya ji shi yana cewa ai Baba Guduma ya daɗe yana ba su shawarar su sayi irin wannan spana, tsofaffin hannu ba sa kuskure.

Bai juyo ba. Ya ci gaba da cuɗa sabulu. Daga can ƙarshen gareji, inda aka ɗaga bas ta biyu, ƙarar ta taso. Ƙas! Ya ɗaga kai. A saman bene, Hajiya tana tura tagar ofis, tana sa mata katako don kada iska ta rufe.