Dabino a Dutsen Wuzhi

Duk wadda ta yarda ta hau dutse da mahaifinta da mijinta a rana ɗaya, ita ta jawo wa kanta. Ni na jawo wa kaina, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baba, Alhaji Isufu, ya zo Guangzhou daga Kano sarin kaya, sai ya faɗo daidai hutun sabuwar shekarar 'yan Sin. Kasuwar tufafi ta Shisanhang a rufe, masana'antun wandon jins na Xintang inda mijina Abdulrasheed ke yi wa 'yan kasuwa oda su ma a rufe. Duk wanda ka kira a waya sai ya ce "meiyou", wato babu. Zaman ɗaki ya ishi Baba. Shi kuwa Abdulrasheed, don neman suna wurin suruki, ya ce mu tafi tsibirin Hainan, akwai wani dutse cikin kurmi ana ce masa Wuzhi. Baba ya ce to don kada ya gwale shi. Shi ma da ya ji to, ba damar janyewa. Ni kaɗai na san babu mai son tafiyar a cikinsu.

Kurmin ba irin dajin da muka sani ba ne. Ko'ina jiƙe yake, ganye na ɗigar ruwa ko ba a ruwan sama, saiwoyi sun kwanta a hanya kamar igiyoyin guga. Wani wurin tsani ne na katako, sai ka kama da hannu biyu. Ga matsattsaku, waɗannan tsutsotsi masu shan jini, suna bin ƙafa. Baba da kaftani da hula, ni ina tattare abaya, 'yan Sin na wuce mu da sandunansu suna ɗaga mana babban yatsa.

Duk wannan bai dame ni ba. Damuwata ita ce Baba yana da ciwon suga. Ya sha maganinsa da safe, amma bai ci komai ba don bai yarda da abincin otal ɗin ba. Na san likita ya ce shan maganin ba abinci na sa suga ya sauka ƙwarai, na kuma taɓa ganinsa ya faɗi a Kano. Dabino da ruwan kwakwa na cikin jakata, amma Baba ba ya cin abinci a gaban suruki, shi ma surukin ba ya ci a gaban Baba. Shekaru da aurenmu ban taɓa ganin sun tauna ko goro a wuri ɗaya ba.

Na ce wa mijina a hankali, "Yi gaba kaɗan mana, Baba ya ci wani abu."

Ya zaro ido. "In shiga gaban Baba? Haba Firdausi."

"To tsaya a baya."

"In bar shi a wannan santsin? In ya zame fa?"

Na koma wurin Baba. "Baba, mu huta."

"Kin gaji ne, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Tambayi Malam Abdul. In ya gaji sai mu tsaya."

"A'a Baba, ni ƙalau nake," in ji Malam Abdul, yana haki kamar wanda kare ya koro.

Wallahi ji na yi kamar in haɗa kawunansu in gwara. Manyan maza biyu, kowa na jiran ɗan uwansa ya ce ya gaji, ni kuma ina tsakiya da ledar dabino a hannu.

Muka ci gaba har gajimare ya rufe mu. A nan na ga hannun Baba na rawa a kan igiyar da ake riƙewa. Gumi ya jiƙa masa hula, maganarsa ta fara nauyi. Na miƙa masa dabino, ya kalli Abdulrasheed, ya ture hannuna. "Sai mun kai sama." Sama kuwa ko alamarta babu, waya ba sabis, mota tana can ƙasa inda muka baro ta.

Na zauna daɓas a cikin laka.

"Ba inda zan je," na ce. "Kuma ba zan sa komai a bakina ba sai Baba ya ci. Yunwa nake ji, kuma ba ni kaɗai ba ce. Ciki gare ni."

Babu 'yar da ke faɗa wa ubanta wannan magana. Baba ya juya mana baya da sauri don kunya, ya fuskanci wata bishiya. Can sai ya miƙo hannu ta baya. Na zuba masa dabino. Ya ci, ya sake miƙowa, ya sha ruwan kwakwa, duk bai waiwayo ba. Da rawar hannun ta lafa, sai na ji yana hamdala ƙasa-ƙasa.

"Mu sauka," ya ce. "Malam Abdul, riƙe ta. Ni zan yi gaba."

Ƙarya na yi. Tun da muka yi aure muke neman haihuwa, asibitin Kano da na Guangzhou ba wanda ba mu je ba, Allah bai kawo ba. Abin da ya zo bakina ke nan na faɗa, tunanina duka yana kan Baba, ban ko tuna akwai wani mai sauraro ba.

Abdulrasheed ya kama hannuna a kan tsanin farko. Mutumin da ko gefen mayafina ba ya taɓawa in Baba na kusa. Yana share min hanya da ƙafa, yana cire min matsattsaku daga safa, idonsa cike da hawaye.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambaya cikin raɗa. "Shi ne ba ki gaya min ba?"

Baba na can ƙasa da mu, yana ta jero addu'a da ƙarfi, ya manta da kunyar. Ni dai na ce wa mijina ya kula da santsi.