Kati Mai Yagaggen Kunne

Shekara biyu da wata uku ke nan Jasumati ba ta taka ƙasa ba. Ba wai tana kwance ba ne, ƙafafunta garau suke. A hawa na goma sha huɗu ɗanta Bhavesh ya ajiye ta a birnin Surat, tun ranar da santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, can ƙauyensu na bayan Amreli. Gwiwa ta warke cikin wata guda, amma tsoron Bhavesh ya ƙi warkewa. Ƙofar gidan da yatsa ake buɗe ta, kuma yatsu biyu kawai ta sani, nasa da na matarsa Krupa. Da sun fita aiki ƙofa ta yi ƙit, shi ke nan sai faɗuwar rana.

Kada wani ya ce cutar ta ake yi. Magani kan lokaci, shayi mai citta, katifa mai laushin da ke sa mata ciwon baya. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, don wanda aka kulle saboda ƙauna ba shi da inda zai kai ƙara. Ita dai gida take so. Tana so ta zauna a dakalin ƙofarta tana tsince gyaɗa, duk wanda ya wuce ta tsokane shi.

Kowace Lahadi Krupa kan riƙe mata waya ta ga yayanta Harjivan, tsoho ɗan shekara tamanin da ɗaya, wanda shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu. Waya ta Krupa, hannu na Krupa, ga Bhavesh tsaye a baya yana washe baki.

"Jasu, ya birni?" in ji tsohon.

"Lafiya lau, Yaya. Ana ji da ni."

To me za ta ce? An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar da ke cikin waya ba ta kai tafin hannu ba, kuma yanar ido ta rufe wa Harjivan gani.

A ƙasan akwatinta akwai katunan gidan waya guda biyar da marigayi mijinta ya bari, sun yi ja don tsufa. Wata Talata ta ɗauko ɗaya ta ɗora kan faranti, ta yi rubutu irin na makarantarsu ta da, haruffa riƙe da juna. Ta ce ba ta da ciwo, ba ta da yunwa, amma ta gaji da kallon kan mutane daga sama. Ta ce ko saniya ana kwance mata igiya da safe. Ta ce Yaya ya zo da kansa ya tafi da ita, don Bhavesh ba zai iya musa wa kawunsa ido da ido ba.

Da ta gama sai gabanta ya faɗi. Wa ke kula kati a zamanin nan? Ajiye shi za a yi ƙarƙashin jarida har bayan damina. Ta daɗe tana juya shi, sannan ta kama kunnensa na sama ta yage. A wajensu kowa ya san ma'anar wannan. Kati mai yagaggen kunne sanarwar mutuwa ce, a bakin ƙofa ake karanta shi, kuma ba a ba shi amsa, ƙulli ake ɗaurawa a kama hanya. Ta ce a ranta ba ƙaryar kirki ta yi ba. Washegari da sassafe, kafin masu gida su fita, ta cusa wa Kokila mai wanke-wanke katin a jaka, ta ce ta jefa mata a jan akwatin bakin titi.

Kwana shida tana ƙirga. Ta wanke fararen tufafinta biyu ta ninke, har shayin ya fara yi mata daɗi.

Rana ta bakwai da tsakar rana ƙofa ta buɗe, Bhavesh ya shigo ko takalmi bai cire ba. Ya juyo mata da wayarsa. Rubutunta ne a ciki, ƙato-ƙato, har da tabon faranti.

Abin da ya faru shi ne, kati ya isa lafiya. Harjivan ya shafa ya ji yagar, ya zauna daɓas a bakin ƙofa, ya miƙa wa surukarsa Nayana. Ita kuwa makarantar Turanci ta yi, rubutun tsofaffi tsutsa ne a wurinta. Sai ta ɗauki hotonsa ta watsa a zauren dangi na waya, mutum sittin da uku, daga Rajkot har Nairobi, ta tambaya wa ya rasu. Waɗanda suka iya karantawa suka karanta wa waɗanda ba su iya ba. An je neman ƙiba an samo rama.

"Mama, saniya?" in ji Bhavesh. "Ni na ɗaure ki kamar saniya? Tun safe ake kira na ana yi mini gaisuwar uwata, rabi kuma suna tambaya ko dukan ki nake yi."

"Ba kai na rubuta wa ba."

"Ai gara da ni kika rubuta wa. Me kika rasa a gidan nan?"

Ta dube shi, ƙato da furfura a gefen kunne yana hawaye, tausayinsa ya kama ta, kunya ta rufe ta. Amma ba ta ce ta yi kuskure ba.

Da yamma aka kira ƙauye don a kwantar wa tsoho da hankali. Krupa ta riƙe waya, fuskarta a ɗaure. Harjivan ya bayyana, bakinsa dab da gilashin waya.

"Jasu, 'yar banza, kin kusa kashe ni. Tun kina goye ba ki da kirki." Ya yi tari. "Na ji abin da kika ce. Ranar Alhamis zan hau motar safe."

Zuciyar Jasumati ta yi tsalle. Sai ga wata murya daga gefe, mai taushi, mai ladabi.

"Baba, wace mota kuma? Ka manta abin da likita ya ce? Ko dandali ɗanka ya ce a dakata tukuna. Sandar da kake dogarawa ma ai shi ya sa aka ɗauke ta."

Harjivan ya kalli gefe, inda muryar ta fito. A lokacin ne Jasumati ta lura da ɗan yatsa mai jan farce a gefen hoton. Shekara biyu tana kallon yayanta kowace Lahadi, ba ta taɓa tambayar kanta wa ke riƙe masa tasa wayar ba.

"Yaya, yaushe rabonka da fita?"

Ya dafa aljihun rigarsa, inda katin yake.

"Sun ce in yaga shi in zubar, wai ba a kwana da irinsa a gida. Na ƙi. Kin danne alƙalami da ƙarfi, ta bayan katin ina jin haruffan da yatsa. Yadda kike karkata su haka Innarmu take yi." Ya rage murya, kamar hakan zai hana mutum uku ji. "Ki aiko da wani, Jasu. Ki bar masa kunnensa, sai ya shigo ɗaki."

"Wa zai karanta maka?"

"Ba sai an karanta ba."

Nayana ta ce lokacin maganin Baba ya yi, a gaishe da kowa. Gilashin ya yi baƙi, Krupa ta janye hannunta.