Ranar da Kulu Ta Tare Motar Masu Lamba

Shekarar da agana ta ɓullo ta wajen Karare, ina da rumfar gyaran keke a bakin kasuwar Batsari, gab da inda 'yan mata ke sauke ƙoren nono. Ba don inuwa na zaɓi wurin ba. Sunana Ɗan'azumi. In ka tambayi mutanen garin za su ce maka bakina ya fi hannuna aiki. Hassada ce.

Lokacin ana yaƙin basasa, rediyo ba ta da zance sai na bakin daga, mu kuwa namu yaƙin a jikin yara yake. An rufe wasu a Karare, waɗanda suka tashi kuma fuska kamar an yi ruwan ƙanƙara kan ɗanyen gini. Ba mai buƙatar a yi masa bayani. Ko tsohuwarmu Inno, agana ce ta cinye mata ido ɗaya tun tana budurwa.

Sai ga masu lamba ranar kasuwa cikin Landiroba. Ba irin na da ba masu tsaga fata. Waɗannan wata bindiga suka zo da ita, a taka ta da ƙafa kamar keken ɗinki, a ɗora bakinta a damtse, ka ji tas, an gama. Mai shela ya zaga da ganga yana cewa kowace uwa ta kawo 'ya'yanta. Ni na fara miƙa hannu, saboda masu nono na kallo. Ban ko ƙifta ido ba. Sai da na zaga bayan rumfa na yi tsallena.

Ina nan na hangi Kulu a layi, matar wana Hamidu, wanda ya yi kudu da shanu tun bayan kaka. Ta riƙo 'yarta Asta a hannu, ga goyo a baya. Malam Sammani, shugaban masu lamba, wani siririn Bakatsine mai farar riga, ya yi mata, ya yi wa yaran, ya ce, "Su ke nan?"

Ta sunkuyar da kai. Shi kuma ya ce ta gaba ta matso.

Bayan azahar ina fama da facin wata tsohuwar tayar da ya kamata a yi wa sallar gawa, sai na ga inuwar mutum a kaina. Kulu ce. Ita da ko hanyar rumfata ba ta bi, wai wurin 'yan iska ne.

Na ce, "A'a, amaryata. Yau kin gane Hamma Hamidu ya tsufa, kin biyo saurayi?"

Ta ce, "Sannu da aiki."

"Sannu kawai? Ina furar miji?"

Da wata rana ce da ta ce in jira ranar da na fara wanka. Yau ba ta ce ba. Tana ta murza bakin zanenta tana kallon Landiroba, inda aka fara naɗe tabarmi.

Ta ce, "Na gidan Inno. Ba a yi mishi ba."

Na san wanda take nufi. Manu ne, ɗanta na fari. Tun da aka yaye shi yake wurin Inno a rugarmu ta hanyar Ruma. Kulu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa shafa kansa a gaban mutum ba. In ya shigo ta ƙofa, ita ta danga za ta fita. Mu Fulanin nan ko Hausawa sun sallama mana wajen kunyar ɗan fari. To shela ta ce uwa ta kawo, Inno ta ji ba da ita ake ba, ga ciwon gwiwa. Uwar kuma ba ta da bakin cewa nata ne.

Amma halina bai bar ni ba. Na ce, "Na gidan Inno? Wanne? Akwai zakara, akwai jaki, akwai ni. Faɗi sunan mana."

Ta ɗago ta dube ni. Idonta jawur.

Ta ce, "Shekaranjiya ya bi masu tallar nono Karare."

Na ajiye facin.

Na ruga wurin Malam Sammani, na ce ranka ya daɗe akwai saura ɗaya. Ya ce kowane gari akwai saura ɗaya, Safana na jiransu, maganin da aka riga aka haɗa kuma ba ya kwana. Na ce Safana ai ba tashi za ta yi ba, tun ina yaro a nan nake ganinta. Bai yi dariya ba. Ya ce in yaron ya iso kafin su gama ɗaure kaya, to.

Na dawo na ɗauki keken wani malamin makaranta da aka kawo gyaran birki. Na ce wa Kulu, "Ni zan ɗauko shi. Ke ki riƙe su."

"Da me?"

"Da abin da kika riƙe Hamma."

Birkin nan ban gyara shi ba tukuna, sai da na fara gangara rafi na tuna. Na ratsa gonar gyaɗar mutane, na ba wata akuya haƙuri, na isa ruga ƙafata ɗaya ba takalmi. Inno na zaune tana tsinkar auduga. Na ce tsohuwa ina mijinki, ta ce yana wajen maruƙa, lafiya? Na ce lamba za a yi masa. Ta taɓa mataccen idonta, ta ce, "Ashe ba a kai shi ba?" Sai ta ɗaga murya ta ƙwala masa kira da kanta.

Na ɗora shi a kariyar keke, na ce ya riƙe ni kamar kaska. A hanya na ce masa bindigar ba ta da zafi ko kaɗan, ni har barci na yi.

Tun daga nesa na ga taro ya kewaye Landiroba, inji na ta kuka, motar ba ta motsa ba. Da na kutsa sai ga Kulu zaune a ƙasa daidai gaban tayar, ta miƙe ƙafa, ta sauko da goyonta tana ba shi nono, Asta na gefenta. Direba ya yi hon har ya gaji, ya sauko yana cewa, "Baiwar Allah, me aka yi miki? Ki faɗa mana." Ita ko kallonsa ba ta yi. Mai unguwa ya yi magana, ta ci gaba da ba da nononta. Wata ta ce iska ce ta hau ta.

Na ce, "Ba iska ba ce, ga shi nan na kawo."

Malam Sammani ya dubi yaron, ya dubi Kulu, ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ce a sauko da akwatin.

Manu na ganin bindiga ya gane kawunsa maƙaryaci ne. Ya zame daga hannuna kamar tarwaɗa. Na cafko riga, ya bar mani rigar. Direba ya kama shi, ya sha cizo. Yana ihu yana kiran Inno, Inno kuwa tana can ruga.

Malam Sammani ya ce, "In yana fizga haka ba zai shiga daidai ba. Ina uwar yaron nan? Ta zo ta riƙe shi."

Kasuwa ta yi tsit. Tsofaffin masu nono, sa'o'in Inno, duk suna tsaye da ƙorensu. Sun san uwar, ba wadda ta kalli wajenta.

Kulu ta miƙa wa Asta jaririn. Ta tashi ta kaɗe zane, ta zo ta durƙusa, ta jawo yaron ta haɗa shi da ƙirjinta, ta ɗora haɓarta a kansa.

Ta ce, "Manu. Tsaya."

Ya tsaya. Ina jin mamaki ne ya tsayar da shi. Bindiga ta ce tas, bai ma sani ba, yana ta leƙen fuskarta.

Wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce yau ta ga ƙarshen zamani. Ta kusa da ita ta ce, "Ke da wanne za ki ji, wannan ko ɗaukar gawa?" Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ba ta saki yaron ba.

Ina neman inda zan jingina keken malam kafin ya zo ya ga abin da ya same shi, sai na ji an ja mani hannun riga. Sa'adatu ce, matar mai gyaran fitila. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Na gidan Baba, a Ruma." Bayanta ga wata ta matso, tana murza bakin zane.

Malam Sammani ya ji. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce wa direba ya kashe mota, a aika Safana a ce sai gobe. Ya kira mai shela ya ce ya sake zagawa, wannan karon kakanni yake nema, kowace ta zo da wanda take riƙo.

Na ce wa Sa'adatu, "Mai nauyi ne? Don keken nan ba birki."

Ta ce, "Ba shi da nauyi."

Na cire ɗayan takalmin na ba Manu ya riƙe mani, na hau.