Lahadin Da Kofuna Suka Yi Shiru

"Don Allah Sinyora, ba a taɓawa," in ji manajan gidan tarihin kamfanin Baldrati, ya taho da sauri yana gyara wuyan kwat.

Nerina, wadda ya kira Sinyora don girmamawa, ba ta ɗauke hannunta daga jikin gilashin ba. A ciki jan babur ne, Poiana ta farko da kamfanin Baldrati ya ƙera, an goge ta tana ta sheƙi, an dalle ta da fitila kamar kayan gwanjo.

"Ba a taɓawa? Ni da wannan 'yar banzar ta hana barcin safe shekara da shekaru? Na fi ka saninta, ɗana. Ta maƙwabcina ce, Osvaldo. Aro ya ba ku bara, na zo karɓa."

Gaskiyarta ce. Bango ɗaya ya raba ta da Osvaldo a gidajen ma'aikata na bayan masana'anta. Kowace Lahadi, tun kafin ƙararrawar coci, sai ya turo babur ɗin tsakar gida ya tayar, kofunan kofi su hau rawa a cikin kabad ɗinta. Ta zage shi ta taga, ta watsa masa ruwan wanke-wanke, har ƙararsa ta kai wajen fadan coci. Duk a banza, domin Osvaldo kurma ne. Kunnuwansa a masana'antar ya baro su, a ɗakin gwajin inji inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Tafin hannu yake ɗorawa a kan tanki ya lumshe ido, iyakar jinsa ke nan.

Yanzu yana kwance, likita ya ce da wuya ya ga wani makon. Ba mata, ba ɗa, sai ita mai kai masa romo. Jiya ya riƙe mata hannu ya ce, da wannan muryar tasa mai fasa kunne, "Nerina, ina so in ji ta sau ɗaya."

"Wallahi na tausaya," in ji manajan. "Amma mun tsiyaye mai, mun toshe injin don kada ya yi tsatsa. Kayan tarihi ne yanzu. Sai hedikwata ta ba da izini."

"Ina hedikwatar take? In je."

Ya ɗan sosa ƙeya. "Tana ƙasar waje."

To, ai dama. Tsoho Baldrati da famfon ban-ruwa ya fara bayan yaƙin duniya, a rumfa, kuma ya san sunan matar kowane ma'aikaci. Yana mutuwa 'ya'yansa suka sayar wa wani mai ƙera firij, mai firij ya sayar wa Jamusawa, Jamusawa suka sayar wa wasu masu kuɗi da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu a garin. Kowane ya zo sai ya sauya launin tambari ya rage mutane. Na yanzu tarihi suke sayarwa, a jikin riga da hula, kuma duk faɗin bangon nan mai cike da hotunan 'yan tsere babu sunan mutum ɗaya da ya kurmance a kan injinan.

"Amma ina da dabara!" Fuskar manajan ta washe. Ya buɗe durowa ya ciro abin sauraro na sawa a kunne, sabo fil a kwali. "Mun naɗi ƙararta kafin mu rufe injin. Tsaf take fita, kamar kana kusa. Kai masa, kyauta ce daga kamfani."

Nerina ta dubi kwalin, ta dube shi.

"Kurma ne," ta ce. "Ku kuka kurmantar da shi."

Ta fice ta bar shi riƙe da kwalinsa.

Ba ta nufi gida ba. Shagon kofi na bakin kasuwa ta faɗa, inda tsofaffin ma'aikata ke kashe yini da karta, ta dafe katin da ke gaban Ermes, tsohon mai walda.

"Ku tashi, ragwaye! Abokinku na mutuwa kuna nan kuna cutar juna. Duk mai Baldrati a gareji ya turo ta gidanmu."

"Ikon Allah," in ji Ermes. "Ke da kika kira mana 'yan sanda ranar bikin 'yata?"

"Gobe ma zan kira. Yau dai ku zo."

Da yamma suka iso, wasu a kan baburan, wasu suna turawa suna haki, tumbi ya hana zif ɗin tsofaffin rigunan fata rufuwa. Suka jera a ƙarƙashin tagar Osvaldo. Nerina ta ja gadon Osvaldo kusa, ta ɗaga hannunsa, wanda ya zama ƙashi da fata, ta manna tafin a gilashin tagar. Ta leƙa ta yi wa Ermes alama su tayar ɗaya bayan ɗaya.

Gidan ya ɗauki rawa. Osvaldo ya lumshe ido.

"Averla ce wannan," ya ce. "Ƙaramar. Ta zamanin mai firij, ba ta da ƙirji." Aka tayar da wata. "Wannan ta Jamusawa ce, ba ta da laifi, ba ta kuma da daɗi." Aka tayar da ta Ermes, sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Poiana ta biyu. Gaya wa wawan nan ya gyara kafireto."

Ya bar hannun a wurin yana jira. A ƙasa an gama, babu sauran wadda za a tayar. Ya buɗe ido.

"Tawa ba ta zo ba."

Da leɓe yake gane magana, don haka Nerina ta juyar da fuska wajen bango, ta tsine wa manajan da hedikwata da duk wanda ya taɓa sayen Baldrati, tun daga mai firij. Sannan ta goge ido da haɓar rigarta ta juyo.

"Suna kula da ita," ta ce a hankali, don ya gani.

"Ki ce musu su riƙa tayar da ita ran Lahadi. In ta zauna, daskarewa take yi."

"Zan gaya musu."

Ran Juma'a ya cika, da rana tsaka, tana ɗumama masa romo. Kamfani ya aiko da furanni, tambarinsu ya ninka sunan mamacin girma, sunan ma an rubuta shi ba daidai ba. Nerina ta ɗauke su da hannunta ta jingine a bayan coci, kusa da kwandon shara.

Ran Lahadi ta farka da sassafe ba wanda ya tashe ta. Ta dafa kofi, ta zauna a kicin da rigar barci, ta bar ƙofar kabad a buɗe. Ƙararrawar coci ta kaɗa ta gama. Kofunan suna jere a kan faranta, ko ɗaya bai motsa ba.